Ranar da Kakana Ya Saki Keken

Jiya a Daura na ga wani mutum yana koya wa 'yarsa keke, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Ina aji uku a firamare a Zango idanunsa suka daina gani. A da shi yake kai ni makaranta a tsohon kekensa, ina riƙe da rigarsa mai ƙanshin turare da goro. Da ya makance sai na koma tafiya a ƙasa, kullum in makara, in sha bulala.

Wata Asabar ya ce in ja shi zuwa filin makarantarmu. Ya ɗora ni a sirdi, ya kama keken ta baya.

"Amarya, ke ki duba mana hanya, ni zan riƙe ki."

Yana gudu a bayana, ina jin hakinsa da sautin takalmansa a yashi. Can sai na daina ji. Sai da na kai ƙarshen filin na tsaya na waiwaya. Yana tsaye shi kaɗai, hannuwansa a miƙe, yana fuskantar inda ba na nan.

"Kin faɗi ne?"

"Ban faɗi ba, Kaka."

Ya yi dariya ya ce idan na ƙware, ni zan riƙa kai shi masallacin Juma'a. Kafin ƙafata ta isa ɗaukar mutum biyu, ya rasu.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa kabarinsa.