Ranar da Umma Ta Hau Keke a Bakin Teku

Shekarun baya, bayan mahaifiyata ta fita takabar mahaifinmu, ƙannena suka kira ni a waya suka ce Umma fa ta daina cin abinci, ta daina hira, kullum tana ɗaki da carbi a hannu. Lokacin ina harkar kago a unguwar Al Sabkha ta Dubai, ina tura wa 'yan kasuwar Kano kaya. Sai na nema mata biza, na ce ta zo ta sha iska ko za ta ɗan sake.

Ta zo, amma babu abin da ya canja. Ɗakinta na Kano kawai ta musanya da ɗakin gidana na Abu Hail. Matata ta yi tuwo, ta yi dambu, ta yi fate, Umma sai ta yi loma biyu ta ture kwano. Na kai ta kasuwar yadi ta Bur Dubai, muka tsallaka ruwa a abra, ɗan kwalekwalen nan na katako, ina ta nuna mata gine-gine kamar ni na gina su. Abin da ta ce kawai shi ne, "Masha Allah. Mu koma gida, Babana." Haka take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini.

Ina da wani aboki, mutumin zangon Kumasi, yana aiki a wurin ba da hayar kekuna a bakin tekun Jumeirah. Da na gaya masa halin da ake ciki, ya ce, "Chale, kawo Mma nan da safe. Ko ba komai za ta ga ruwa."

Lokacin sanyi ne. Bayan asuba muka je, muka zauna a kan benci. A gabanmu akwai hanyar da aka shimfiɗa don kekuna kaɗai, ta bi gefen teku har inda ido ya tsaya. 'Yan yawon buɗe ido na ta wucewa, Turawa, Indiyawa, Larabawa da 'ya'yansu. Can sai ga wata mata da abaya, ta ɗora hular kwano a kan mayafinta, tana taka feda da ƙyar. Umma ta bi ta da kallo.

"Wannan sirdin ya yi mata ƙasa," in ji ta. "Gwiwarta za ta yi ciwo."

Na yi dariya. "Umma, ke kuma ina kika san sirdi?"

Ta dube ni irin kallon da take mini ina yaro idan na yi wauta. "Ka ce wa abokinka ya ba ni ɗaya."

Mace ta haura sittin, ga ciwon ƙafa, ga rama. Idan ta faɗi ta karye, me zan ce wa ƙannena? Na kawo ta shan iska na mayar musu da ita da ɗori? Na fara kame-kame, rana ta kusa yin zafi, mu bari sai wani jiƙon. Ko kallona ba ta yi ba.

Abokina ya turo wani keke mai ƙafa uku. Umma ta ce wannan na yara ne. Ya koma ya kawo na mata, wanda ba shi da ƙarfe a tsakiya, ya daidaita mata sirdin. Ta tattare bakin doguwar rigarta, dama da wando a ciki, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta yi bismillah.

"Shwaiya shwaiya, Mma, a hankali," in ji abokina.

Keken ya yi tangal-tangal. Na riƙe bayan sirdin ina gudu ina salati.

"Sake ni, Babana."

"Umma..."

"Na ce ka sake ni."

Na saki. Ta ɗan karkata hagu, ta dawo dama, sai keken ya miƙe sak. Na tsaya baki buɗe har sai da abokina ya tura mini wani keken ya ce, "Yalla, bi ta mana!" Rabona da keke tun ina sakandare, ga tumbi ya samu wurin zama. Ina haki ina gumi, ita kuwa har ƙararrawa take kaɗa wa wani Bature da ya tare hanya.

A wata rumfar hutawa na same ta zaune, tana kallon ruwa. Sai da numfashina ya dawo sannan ta fara magana. Ta ce mahaifinta bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ita ya koya wa keke, ita ke kai masa abinci gona.

"A kan keke babanku ya fara ganina," ta ce. "Birki ya tsinke mini a gangare, ina ta ihu a kauce, shi kuma ya tsaya yana kallona kamar gunki. Sai da ya faɗa cikin kunyar dankali. Washegari ya zo gidanmu wai ya zo gyara birki. Bai san komai a gyaran keke ba. Ya ƙara lalata shi."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta. Tun rasuwarsa ban ji ta ambace shi ba sai ranar. Muka daɗe a wurin tana ba ni labarinsa, abubuwan da ban taɓa ji ba. Daga baya ta share fuska ta ce ko ana sayar da shayi a nan kusa. Na sayo shayin karak da burodi. Ta cinye nata, ta ja nawa.

Kafin ta koma Kano mun sake zuwa sau da yawa, kuma ko sau ɗaya ban kamo ta ba.

Abin da na gane daga baya shi ne, duk mun yi ta ba ta haƙuri, muna kaffa-kaffa da sunan Baba don kada mu tayar mata da hankali. Ashe ita hirarsa take so, ta rasa wanda zai buɗe mata ƙofa. Shi ya sa yanzu idan na je gaisuwar mutuwa, bayan an yi addu'a jama'a sun ragu, nakan matsa kusa da wanda aka yi wa rashin na ce, "Wai a ina kuka fara haɗuwa?" Da wuya ka ga bai gyara zama ba.