Ƙusoshi Biyu a Ƙofar Shagon Yaya Ado

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Ado, mai gyaran rediyo a Kwanar Dangora, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da aka so yi da sunansa a watan jiya, a gabana, da kuma gaban 'yarsa Rabi.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Ado yana gyaran rediyo ne don a ci abinci a gidansa, yana kuma ƙera ƙananan jiragen sama don ransa ya yi sanyi. Farin soson nan da ake sako talabijin a ciki yake fafewa ya fitar da gangar jiki da fukafukai, ya samo ɗan inji da farfela daga Kano, ya ɗaura wani ƙaramin akwati mai karɓar umarni da yake kira risiba. Sai ya tsaya a ƙasa da rimot mai doguwar eriya, yana juya jirgin a sama yadda ya ga dama. Mutanen gari ba su ga komai a cikin wannan ba sai abin dariya. Magidanci da iyali, in ji su, ya zauna yana wasan yara. Wasu suka ce wutar rediyo ce ta taɓa masa kai. Na san bakunan da suka faɗi haka ɗaya bayan ɗaya, don har shagona na ɗinki a Kiru ake biyo ni a faɗa mini, wai shawara ake ba ni in ja masa kunne, ni da nake ƙanensa.

Abin da ya fi ba su dariya shi ne tattakinsa. Yaya Ado ba ya taɓa tayar da jirgi sai ya kife turmi a tsakiyar fili ya ɗora shi a kai. Ya tura eriyar rimot ciki ta gajarce, ya juya baya ya kama tafiya yana ƙirga taku, babban yatsansa na motsa sandar rimot ɗin. Ni nake tsayawa gefen turmin da hannuna a ɗage. Muddin wutsiyar jirgin na kaɗawa daidai, hannuna na sama. Da ta fara rawa ko ta tsaya, sai in sauke. Idan hannuna ya sauka kafin taku hamsin, ranar ba tashi, ko da mutum ɗari sun taru suna jira. Ya kan ce jirgin da ya daina jin maganarka kana kusa da shi a ƙasa, idan ya hau sama ba naka ba ne. Da Rabi ta girma ta karɓe ni tsayuwa a gefen turmi, ta kuma fi ni ido.

Idan tattaki ya gaza, ba ya hargagi, ba ya ɗora wa kowa laifi. Batir yake fara dubawa, na rimot da na jirgi. Daga nan ya kankare tsatsar bakin ƙarfen da batir ke zama, don damina ba ta barin komai lafiya. Ya ɗaure ƙusar eriyar rimot idan ta yi sako-sako. Ya duba ko wayar risiba ta kwanta kusa da wayoyin inji, ya raba su. In duk wannan lafiya, sai ya ɗaga kai ya dubi inda muke, ko akwai manyan wayoyin lantarki ko rufin kwano kusa, mu kwashi turmi mu koma gaba. Wayar risiba kuwa, siririyar nan da ke fitowa ta bayan jirgi tana reto, ita ce abin da ya fi kaffa-kaffa da shi. A jikin katakon ƙofar shagonsa ya kafa ƙusoshi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tsakaninsu shi ne tsawon wayar. Ba a rage ko rabin yatsa, ba a naɗe ta, ba a rufe ta da ƙarfe.

Yau kuma ga mu. Kowane biki ka je a Tudun Wada ko Bebeji za ka ga matashi da baƙin tabarau yana tayar da jirgi maras matuƙi da aka sayo a kwali, yana ɗaukar hoton amarya daga sama. Ban ƙi wannan ba, sana'a ce. Abin da na raina shi ne cika bakin. Mutum bai taɓa kwance ƙusa ɗaya ba, amma ya rubuta Injiniya a bayan rigarsa. Da jirgin ya ƙi jin magana ya faɗa gonar rake, sai ka ji wai sabis ne ya ɗauke, kai ka ce katin waya ake sa masa. Wani ma na ji ya ce wajen ne akwai iskoki. Na kan tambayi kaina me Yaya Ado zai ce da ya gan su. Ina jin ba zai ce komai ba, turmi kawai zai aika a aro.

Irin waɗannan ne suka zo mini wata biyu da suka wuce. Wata ƙungiyar matasa ce, da shugabansu wanda kowa ke kira Injiniya. Wai za su yi taron karrama marigayi, a nuna wa duniya cewa yankinmu ya taɓa haifar mai fasaha, kuma suna so a tayar da jirginsa na ƙarshe a wajen. Jirgin nan shi kaɗai ya rage. Sauran, yara sun karya wasu, gara ta ci wasu. Yana rataye a ɗakin Rabi tun da ta yi aure, shi ne gadonta da ta fi ji da shi. Ta ƙi bayarwa. Ni na lallashe ta, na ce sunan mahaifinta za a ɗaga. Wannan wautar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Suka tafi da shi da rimot ɗin, wai za su yi masa kwaskwarima.

Ranar taro an kafa rumfa a filin ƙwallo, an jera kujeru. A sahun gaba na ƙirga mutum huɗu daga cikin masu cewa wutar rediyo ta taɓa shi, sun sha babbar riga, ɗaya har da share hawaye yana cewa tun farko ya san Ado ba mutum ne na banza ba. Tir. Aka yaye zanen da aka lulluɓe jirgin da shi. Sun naɗe shi kaf da liƙin azurfa irin wanda ake toshe yoyon kwano da shi, don ya yi walƙiya a hoto. Wayar da ke reto a baya babu ita. Na tambayi Injiniya ina take, ya ce sun datse ta, ragowar sun cusa ciki, don ta yi kama da bindin ɓera, ba ta yin kyau a kyamara.

Na ce a kawo turmi. Aka yi dariya, irin dariyar da na sani tun da can. Injiniya ya ce, "Baba, wannan ai tsohon yayi ne. Batir sabo ne, manyan baƙi kuma suna jira."

Rabi ce ta taso daga cikin mata, ta ɗauko kujerar roba ta kife, ta ɗora jirgin a kai, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Baffa, karɓi rimot ɗin ka tafi."

Na tura eriya ciki, na juya baya na fara ƙirga. A taku na goma sha ɗaya na waiwaya, hannunta ya riga ya sauka. Goma sha ɗaya! Da an tayar da shi, kafin ya haye rumfar ya ƙwace, ko ya tarwatse a ƙasa, ko farfelarsa ta sami fuskar wani, a ce da ma aikin mahaukaci ne. Injiniya ya yi tsuru-tsuru, sannan ya ce ƙila sabis ne. Rabi ta rungumi jirginta, muka ratsa ta gaban manyan baƙi muka hau acaɓa. An ce sun ci gaba da jawabai har la'asar, har an ba marigayi lambar yabo. Ban san wa ya karɓa ba, ban kuma tambaya ba.

Kwana uku muka yi muna ɓare liƙin a hankali don kada soson ya biyo shi. Daga nan na tafi Kwanar Dangora. Shagon yanzu wajen cajin waya ne, an yi masa fenti, amma ba a canza ƙofar ba. Ƙusoshin na nan, sun yi tsatsa. Na auna sabuwar waya a tsakaninsu, na kai wa wani tsohon mai gyara ya liƙa ta da dalma.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Ado, ba na ganin lambar yabo a ciki. Ƙusoshin nan nake gani, da ɗabi'ar mutum ya gwada abu a ƙasa kafin ya cika baki a sama, ko ana yi masa dariya. Ranar Juma'ar da ta wuce muka je wata gona da aka girbe a Burumburum, ni da Rabi, muka ari turmi a rugar da ke kusa. Ba mu tayar da jirgin ba, don cikinmu babu wanda ya iya tuƙa shi, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Na ƙirga hamsin na waiwaya, hannunta na sama. Na ƙara hamsin, har na daina gane fuskarta, hannun bai sauka ba.