Bandar da Inna Ta Hana Ni

Ranar wata Asabar ta watan Yulin 2020, da hantsi, ina tsaye gaban wata mai kifi a kasuwar Chow Kit da ke Kuala Lumpur, takunkumi a hanci, tabarauna duk ya yi gumi, sai wata tarwaɗa ta yi tsalle daga cikin baho ta faɗo kan siminti. Mata suka dare, wata har da ihu. Ni kuwa ban san lokacin da na sunkuya na cafke ta ba, yatsu a bayan ƙayoyin gefen kai, na ɗaga ta tana kaɗa jela a banza. Mai kifin, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta dube ni, ta dubi takalmina na zuwa ofis, ta tambaye ni inda na koyi wannan kamu. Na ce a gida. Ban gaya mata cewa na fi shekara ashirin rabona da riƙe kifi mai rai ba, ban kuma gaya mata cewa sati uku ke nan da kwalejin da nake koyarwa ta sallame ni, saboda annoba ta hana ɗaliban ƙasashen waje zuwa ba. Na dai sayi tarwaɗar, na ƙara huɗu a kai, na hau jirgin ƙasa na koma unguwarmu ta Sentul da leda tana motsi a cinyata.

A gungu aka haife ni, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, can wajen Yawuri. Gungun namu bai da wani girma. Idan ka tashi bayan azahar kana bin gaɓa, kafin la'asar ka dawo inda ka faro. Mu yaran wurin mun iya iyo kafin mu iya ƙirga goma, kuma duk wanda ya kai shekara biyar bai iya ba, ya shiga uku da tsokana. Da safe aikinmu kwarfe ruwan da ya kwana a cikin jirage da sakaina, sai ɗibar ruwan sha tun kafin shanu su dama gaɓar. Idan ruwa ya ja baya da rani, a shuka albasa a kan laka, mu wuni muna ban ruwa da ƙwarya har bayanmu ya ƙage. Lokacin shinkafa kuwa mu ne masu korar tsuntsaye, muna buga gwangwani muna ihu, rabin ihun ma na wasa ne. Da yamma mu yi ɓuya a ƙarƙashin jiragen da aka kife, ko a jefa tsohon kwano a ruwa a ga wa zai riga nutso ya ɗauko. Akuyoyinmu ma sun saba da jirgi, ranar kasuwa su suke riga mutane shiga.

Gishiri, manja, kananzir da ashana, duk daga tsallake suke zuwa. Idan iska ta taso kogi ya yi fushi, sai a yi kwana biyu ko uku ba mai fita ba mai shigowa. A irin waɗannan kwanaki ne na fi son gidanmu. Baba, wanda masunci ne, ya zauna gindin tsamiya yana gyaran koma, Inna kuma ta dafa abin da ke akwai. Abin da ke akwai ɗin nan har yau ban ci wanda ya fi shi ba: tuwon shinkafar da muka kori tsuntsayenta da kanmu, miyar kuka da ta ji daddawa da gabu, ga kifi banda a ciki gunduwa-gunduwa, ya jiƙu ya yi laushi amma bai watse ba. Idan gishirin wata ya ƙare, ba ta ma tambaya, ta miƙa hannu ta kan danga ne kawai.

Banda ita ce sana'ar Inna. A bayan gidanmu akwai murhun banda guda huɗu na laka, an shimfiɗa musu waya a sama. Ita da yayata, Yaya Kulu, da matan maƙwabta, nan suke wuni. Su goge yauƙin tarwaɗa da toka, su lanƙwasa ta su soke jela a baki ta zama kamar awarwaro, su jera. Hayaƙin nan ba abin da ya bari. Yana zannuwanmu, yana gashinmu, yana tabarmar sallar Baba. Mu ba ma jin sa, don ba mu san akwai wata iska da ba ta da shi ba.

Sai da aka sa ni makaranta na sani. Gungu ba makaranta, sai an haye, kuma a cikinmu mu biyar 'ya'yan gidan ni aka zaɓa, wai don na cika tambaya. Satin farko bai ƙare ba yaran gari suka raɗa mini suna 'Yar Banda. Idan na zauna a benci sai su matsa suna toshe hanci, malamin ma, ba da mugunta ba, ya ce in koma kusa da taga. Na dawo gida ina kuka tun daga cikin jirgi. Inna ba ta rarrashe ni ba, ita ba mai rarrashi ba ce. Ta tuɓe mini rigar, ta kai hancinta ta shinshina ta daɗe, sannan ta tafi gaɓa ta wanke ta sau uku. Washegari ta kafa doka. Ta sa kayan makarantata a akwatin ƙarfe, ta kai gidan wata tsohuwa da ke can kan gungu, ta inda iska ke shigowa, wurin da hayaƙi ba ya kaiwa. Kullum da safe can zan je in yi wanka, in sa kaya, in shiga jirgi daga nan ba tare da na sake bi ta gida ba. Bayan gida kuwa ya haramta gare ni. "Ke ba ki taɓa banda," in ji ta. "Hannunki na alli ne."

Da farko, gaskiya, na ji daɗi har da rawar kai. Yaya Kulu tana can idanu jajir tana juya kifi, ni ina gindin tsamiya na baje littafi, ina karatu da ƙarfi don ta ji. Allah ya yafe mini, har gwalo na sha yi mata. Amma a hankali abin ya fara ci mini rai. Duk dariyar gungun a wurin banda ake yin ta. Can ake labarin wa ya kife da jirgi saboda kallon budurwa, can ake waƙa, can ake ɓare kifin da ya fashe a ci da zafinsa. Ina jiyo su daga nesa, in sun fashe da dariya sai in ji kamar da ni ake. Na koyi abin da na koya ne da satar kallo ta ramin danga. Wata rana, ina aji huɗu, na ga ba kowa, na lallaɓa na juya tarwaɗa ɗaya. Ɗaya tak. Ban ankara ba sai na ji muciya a bayan hannuna. Wannan ne dukan da Inna ta taɓa yi mini a duniya, kuma na yi kwana uku ba na yi mata magana, ita ma ba ta neme ni ba.

Daga nan hanya ta miƙe, kamar yadda ta so. Makarantar kwana, jami'a, aure, tallafin karatu, sai ga mu a Kuala Lumpur ni da maigidana. Na gama digiri na uku, na samu koyarwa, muka haifi Amira. Duk baƙon da ya sauka a gungu sai Inna ta ba shi labari: "Ɗiyata na karantar da manya, a ƙasar da sai ka hau jirgin sama biyu." Idanunta sun fara dushewa saboda hayaƙin shekaru, amma wannan labarin ba ta gajiya da shi.

Da aka rufe gari, zaman bene na goma sha huɗu ya tuna mini kwanakin iska: ba fita, ba shigowa, a dafa abin da ke akwai. Bambancin kawai, a nan ba danga da za ka miƙa hannu ta kanta. Don haka ranar da na dawo da tarwaɗar nan biyar, na samu wata tsohuwar tukunya mai zurfi, na huda ta, na sa gawayi da ɓawon kwakwa, na yi banda a baranda. Abin da ya fito, in faɗi gaskiya, abin kunya ne. Waje baƙi ƙirin, ciki danƙwal da ruwa, da na sa a miya ya watse ya koma kamar fate. Amira ta toshe hanci ta ce da turancinta gidan duka yana wari. Sa'ar da na ci, karatun nata a kwamfuta ake yi, ba wanda zai ce ta koma kusa da taga.

Duk da haka labari ya bazu a cikin ɗalibanmu 'yan Arewa da ke unguwar Titiwangsa, waɗanda suka yi wata da watanni ba su ga tuwo ba. Waya ta fara ƙara: "Anti, a yi mana tapau biyu lah, miyar ta ji kifi." Tapau shi ne ƙunshin abinci a bakin mutanen garin. Ina ƙunsawa, masu babur suna kaiwa. Sun yaba, amma na san yunwar gida ce ke yabon, ba kifina ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda nake jin daɗin aikin. Shekara shida ina shiga aji ban taɓa tashi da asuba ina ɗokin gari ya waye kamar yadda nake ɗokin hura gawayin nan ba. Da kwalejin ta rubuto bayan wasu watanni cewa in dawo in koyar ta kwamfuta, na yi kwana biyu ina juya wasiƙar, maigidana ya ce zaɓi nawa ne. Na ce musu na gode.

Saura Inna. Kowace Juma'a nake kiran ta, da la'asar ɗinmu, hantsinsu, a wayar Yaya Kulu, su hau tudun gaɓa inda ake samun layi. Kowace Juma'a sai ta tambayi aiki, ni kuma in ce aiki lafiya lau. Wata bakwai ina yi wa uwata ƙarya. Matar da ta hana kanta taimakon hannuna, ta jure ganin ɗiyarta tana sa kaya a gidan wasu, ta dake ni sau ɗaya don kada in yi warin hayaƙi, da wane baki zan ce mata na ajiye alli na koma banda da ƙafata? Na fi tsoron shirunta a kan faɗanta.

Ranar da na faɗa, ban shirya ba. Ta tambayi aiki, sai kawai na ji bakina yana faɗin komai. Ta ce, "Korar ki aka yi, ko ke kika bari?" Na ce da farko kora ce, daga baya ni na ƙi komawa. Ina jin ruwa yana dukan gaɓa, ina jin wata akuya, ina jin numfashinta. Na ce a raina shi ke nan, na karya mata zuciya daga nesa, kuma iyakoki a rufe, ba halin in je in durƙusa.

"Mi kike bandarwa?" in ji ta. Na ce tarwaɗa. "Tana watsewa a miya?" Na ce tana yi. "A jiƙe kike ɗora ta, ko?" Na ce e. Ta yi tsaki mai tsawo, irin wanda take yi wa Yaya Kulu, wanda ni ban taɓa samun rabona ba. Sannan ta fara. A bar kifi ya sha iska har fatarsa ta daina kama yatsa kafin ya ga wuta. Wutar farko ta korar ruwa ce, ba ta hayaƙi ba, kuma in ba za ki iya riƙe bayan hannunki a kan wayar murhu ki karanta Fatiha ba, ta yi yawa. A sauke, ya huce sarai, a mayar, har sau uku. Ina rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, hawaye na ɗiga a kai. Yaya Kulu tana gefe tana dariya tana cewa a gaishe da 'yar boko.

Kafin cajin wayar ya ƙare Inna ta ce, "Na hana ki ne don kada hayaƙi ya ci idonki kamar nawa, ba don sana'ar na da aibu ba. Na so ki zauna inuwa. Amma tunda kin zaɓa, kada ki ba ni kunya. Ɗiyata ba ta sayar da kifin da ke watsewa a miya."

Yanzu kifina ba ya watsewa. Sai dai duk lokacin da na ɗora bayan hannuna a kan waya ina auna zafi, sai in tuna cewa a da taku goma ne tsakanina da ita, danga ɗaya ta kara, amma an hana ni matsowa. Yau an ba ni izini, ga shi teku da jirgi biyu ne a tsakani, kuma ko na isa, sai dai ta shafa kifin da hannu ta gaya mini ko ya yi. Da ma sau ɗaya na taɓa tsayawa kusa da ita a cikin hayaƙin nan, muna juyawa tare.