Ordinatar Ta Dawo Babu Ƙugiya

Tsohuwar ordinatar da ke kan teburina, wato kwamfuta, ta shekara goma sha biyar muna tare, kuma a ƙarshe ta gaji kamar yadda na gaji. In na kunna ta, sai in je in yi alwala, in dawo in tarar tana nishi ba ta gama buɗewa ba. Da zafin Tawa ya kai mata ko'ina, ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Na ɗora ta bayan babur na kai wa wani mai gyara kusa da tasha, mutum mai furfura kaɗan da yawan fara'a.

Ya buɗe cikinta ya girgiza kai. Ya ce babban allon da komai ke maƙale a jikinsa, wanda suke kira kart mer, ya gama yayinsa, gara a sa sabo da sabuwar ƙwaƙwalwa. Na yarda. Abu ɗaya na roƙe shi, har sau uku: akwai rubutu a ciki, kada ya taɓa shi.

Rubutun maganar gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Shekarar da ta zo daga wajen Afala neman maganin ido ta yi wata biyar a gidana. Kullum da hantsi tana zaune kan tabarma tana ba ni labarin gidanmu, rijiyoyin da aka haƙa, garuruwan da aka tashi, wa ya haifi wa, ni kuwa ina bugawa kai tsaye, ban rubuta ko layi ɗaya a takarda ba. Shafi ɗari biyu da wani abu. Ta koma gida, damina biyu bayan nan ta rasu. Ita ce ta ƙarshe a tsararsu.

Bayan kwana huɗu na koma. An sa sababbin kayan, amma ordinatar ta ƙi tashi, sai wani shuɗin allo mai rubutun da ba na ganewa.

"Mushe, tsohon sistem bai san sabbin kayan ga ba," in ji mai gyara. "Sai mun share diski mun zuba wani. Takardunka na kwashe su cikin kile, ɗan abin ajiyan nan da aka soka ma injin, kak ka damu."

Na zauna kan benci. Zuba sistem aiki ne na jira kawai. Wani layi yana rarrafe a allo, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana kusa da rabi, aka sake daga farko. Aka nemi abin da zai sa sauti ya fito, aka rasa, aka samu. Na sha shayi kofi uku ban ji daɗin ko ɗaya ba. Da la'asar bayana ya ƙage, na ce zan dawo gobe.

Abin da ban tuna na gaya masa ba shi ne maganar haruffa. Allon bugunmu na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Tun ina aikin yaƙi da jahilci wani abokin aiki ya sa mini wasu haruffa na musamman: in na danna é sai ƙ ta fito, è ta ba ni ɗ, haka sauran. Na saba har na manta dabara ce. Haruffan nan cikin tsohon sistem suke, sun tafi tare da shi.

Washegari na tarar da mai gyara yana murmushi tun daga nesa.

"Mushe, Allah ya so ka. Da nib buɗe littahin nan naka, cuta ta shige shi. Ko'ina é da è tsakiyar kalma, ba ya karantuwa. Amma na gane ta. Na ce ma injin duk inda yag ga é shi sa k, duk inda yag ga è shi sa d. Minti guda, tas!"

"Na cikin kile fa?"

"Can nif fara gyarawa, sannan niz zuba nan."

Na buɗe shafin farko. Ɗaki ya zama daki, ƙafa ta zama kafa, baƙin da suka sauka gidan kakana sun zama baki. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan zaga? Mutumin alheri ya yi nufi, yana tsaye yana jiran godiya. Na ce masa sannu da aiki, na ɗaure kayana na tafi.

Ordinatar kam yanzu gudu take kamar an kore ta. Ni ne a hankali. Wata bakwai ina bin rubutun kalma kalma ina mayar wa haruffa ƙugiyarsu, da idon da shi ma ya fara neman magani. Yawanci ma'ana tana nuna hanya, ba wanda zai ce an share daki. Sunayen tsofaffin rijiyoyi ne suka wahalar da ni, na bi dattawa a kasuwa ina tambaya, na samu wasu, wasu na sa musu alamar tambaya.

A shafi na ɗari da sittin na tsaya. Gwaggo tana faɗin yadda kakana ya bar garinsu na arewa, ya bar wansa a can, ba su sake ganin juna ba. Layi ɗaya ta ba abin, ta wuce zuwa maganar awaki: "Kishi ne ya raba su."

Ko ƙishi. Rijiyar garin ta ƙafe a zamanin, ta faɗa a wani shafin. Gonar gado ma tana tsakaninsu, wannan ma ta faɗa. In ƙishi ne, kakana mutum ne da ya ja iyalinsa neman ruwa. In kishi ne, zuriyar wansa da muke gaisawa a biki suna da abin da suka sani game da mu. Ni na ji kalmar daga bakinta, ni na buga ta da yatsana, kuma na manta. Na rufe ƙofa na faɗe ta da ƙarfi, da ƙugiya, babu ƙugiya, ina kwaikwayon muryarta. Duka biyun sun zauna daidai a bakina.