Baba Didam da kejin da ya ƙi shafa wa baƙin mai

Da safiyar nan labari ya same ni. Ina tsaye a bakin aji, alli a hannuna, wayata ta yi ƙara. Mama Saratu ce, matar Baba Didam. Ta ce, "Ticha, Babanku ya tafi gida."

Baba Didam kafinta, wanda shagonsa ke bayan layin dogo, ya rasu.

Na zauna a kan bencin yara. Amma zan faɗa muku gaskiya, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne "Na gode wa Allah." Hedimasta ya kalle ni kamar na zare. Ba murnar mutuwarsa nake ba. Shekara biyu ina ɗauke da laifin mutumin nan, kuma kwana tara kacal ke nan da na samu na roƙe shi gafara. Da na ƙara jan ƙafa kaɗan, da yau ban san inda zan sa kaina ba.

Waɗanda suka daɗe suna bina a nan sun san laifin, domin a shafin nan na yi shi.

Bayan rasuwar maigidana, yara duk sun watse, gida ya yi mini shiru. Ƙanena da ke Samaru Kataf ya kawo mini zomaye shida irin Cincila, masu gashi toka-toka mai laushi kamar auduga. Ba don miya na ajiye su ba. Maƙwabta sun yi ta mini dariya, wai Malama Hannatu na hira da nama. To, ina hira da su, sai me?

Na je wurin Baba Didam ya yi mini keji. A tunanina aikin kwana biyu ne.

Sai da ya ci sati uku.

Ya ce sai mun je kasuwar katako tare. Tsohon nan ya dinga ɗaga katako yana shinshinawa, yana ƙwanƙwasawa da yatsa, yana ajiyewa. Duk wanda aka jiƙa da maganin gara, ya ture shi gefe. Filawud ma ya ce a'a, akwai gam a cikinsa. Rana ta dafa ni, ƙafata ta kumbura, shi ko a jikinsa. A ƙarshe ya zaɓi busasshen katakon malaina, fari fat, babu abin da aka taɓa shafa masa.

Ragar waya ma sai da muka zaga shago huɗu. Ya ce mai manyan ido za ta kama ƙafar zomo ta karya. Ya sayi mai ƙananan ido, ya bi bakinta ya lanƙwashe duk wani tsini zuwa waje. A ciki ya shimfiɗa faffaɗan katako guda, wai don su huta da tsayuwa a kan waya. Ƙarƙashin kwanon rufi ya sa zana saboda zafi. Kwanukan roba da na saya masu kyau, ja da shuɗi, ya miƙo mini abina ya ce in nemo kasko.

Duk wannan na haƙura. A kan baƙin mai muka ɓata.

Ku da kuke garin nan kun sani, ba a kafa katako a Kafanchan ba a shafa masa baƙin man mota ba. Rufin ɗaki, ƙyauren gida, akurkin kaji, har bencin coci. Gara ba ta san fasto ba. Tun muna yara haka muka taso muka gani. Sai ga Baba Didam ya kawo keji fari sol, ya tsayar da ƙafafun kejin huɗu, kowacce cikin gwangwanin tumatir, ya zuba mai a cikin gwangwanin kawai, ya karkaɗe hannu wai ya gama.

Na ce, "Baba, ba ka shafa mai ba."

Ya ce, "Ticha, kaza ba ya cin gidan shi. Zomo yana cin gidan shi. Abin da ka shafa a katako, shi ne ka ba shi a baki."

Na ce to ko fenti ne a yi, don ya yi kyan gani.

Ya ce, "Ni ba zan yi ba. Gara zai hau ta ƙafa ne, na riga na tare shi a wurin."

Ya ɗauki zartonsa ya tafi.

Kun san ni da baki. Matan zumuntar cocinmu suka zo gaishe ni, ɗaya ta tambaya ko aikin bai ƙare ba ne. Maganar ta sosa ni. Ran nan na ɗauki hoton kejin na sa a nan, na rubuta cewa tsufa ya kama Baba Didam, yana rabin aiki ya bar mutum da ciwon kai, a yi hattara da shi. Kuka yi ta dariya a kwament, ni kuma ina ƙara gishiri. Daga baya na ji cewa aikin bencuna da wata makaranta za ta ba shi, wani aka ba.

Na kira wani kafinta, ba zan ambaci sunansa ba domin abin da na sa shi ya yi. Ya shafe kejin da baƙin mai ciki da waje, ya bushe, ya bi da shuɗin fenti. Ya yi kyau kuwa. Har hoton wannan ma na sa muku.

Ba a yi wata guda ba, zomayen suka fara ƙin abinci. Sai zawo. Na duba kusurwar kejin, duk sun gwaguye katakon har sun kai fari. Likitan dabbobi ya zo, ya kalli wurin gwaguyar, ya kalle ni, bai ma buɗe jakarsa ba.

Huɗu suka mutu cikin kwana biyar. Ni na binne su da hannuna a gindin gwaiba.

Wannan hoton ban sa muku ba.

Biyun da suka rage na zuba su a kwando a kicin. Kwana biyu bayan haka wani ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gidana da katakai a ɗaure. Farin malaina, an yanka daidai da awon kejina, har da ramukan ƙusa. Na tambaye shi daga ina. Ya ce, "Wani baba a bayan layin dogo. Ya ce a ajiye kawai."

Babu saƙo, babu gori.

Yanzu mai hankali me zai yi? Ya sa takalmi ya tafi ya durƙusa. Ni kuwa na karɓi katakon, na sa aka canza, zomayena suka murmure, na yi shiru da bakina. Kunya ta haɗu da girman kai. A coci ranar sujada, in na hango farar hularsa a ƙofar gabas, sai in bi ta yamma. Malamar makaranta, mai koya wa yara su ce "yi haƙuri", tana wasan ɓuya da tsoho mai shekara saba'in da wani abu.

Wannan ne mutumin da ya gyara mana kujerun Sande Sukul na yaran coci shekara da shekaru ba wanda ya roƙe shi. Shi ya yi akwatin maigidana, ya goge shi da hannunsa, ya tsaya a bakin kabari har aka gama. Duk na sani. Ban je ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Na ce zan je in ya ɗan samu sauƙi. Aka sallame shi daga asibiti, na ce sai an yi hutu. Aka yi hutu, aka koma. Sannan aka kai shi ƙauyensu kusa da Manchok, na samu sabon dalili, wai nisa.

Juma'ar waccan na haɗu da Mama Saratu a kasuwa ta zo sayen magani. Ban samu hanyar gudu ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ticha, magana yana gudu daga bakin shi. In za ka zo, ka zo."

Asabar da safe na shiga bas ɗin Manchok. Duk hanya abu ɗaya nake roƙo, Ubangiji ya sa ya gane ni.

Na same shi a kwance a baranda, ya rame ƙwarai, hannun nan da ke riƙe zarto yana ajiye a kan cikinsa ba ya motsi. Na durƙusa. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Ya daɗe yana kallona, har zuciyata ta fara karaya.

Sai ya ce, a hankali, "Ticha. Nawa ya rage?"

Na ce, "Biyu, Baba. Amma yanzu sun kai goma sha ɗaya."

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Dariya yake.

Nan na fashe. Na ce masa na ɓata sunansa a gaban jama'a, na jawo masa asarar aiki, na karɓi alherinsa ko na gode ban ce ba. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Na yafe tun ranan da zomo ya mutu. Ka riga ka sha bulala. Me zan ƙara?"

Ya huta kaɗan, ya ce, "Ka daɗe dai."

Wannan ta fi komai shiga jikina, kuma gaskiya ce.

Mama Saratu ta kawo kunun acca, na ba shi da cokali, ya sha kaɗan. Muka yi addu'a. Da zan tafi ya ce in riƙa sa musu busasshen reshen gwaiba su gwaguya, don su bar gidansu ya huta. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Ranar Alhamis na miƙe a taron zumunta na faɗi komai, ban rage ba. Mama Saratu ta ce da ta ba shi labari ya gyaɗa kai, ya ce a gaishe ni. Ya ji da kunnensa kafin ya tafi. Yau ina kuka, amma ƙirjina sakayau yake. Shi ma ya huta da ciwon nan da ya kwantar da shi wata goma sha huɗu.

Saura ku. A nan na faɗi ƙarya, don haka a nan zan janye ta. Baba Didam bai taɓa yin rabin aiki ba. Ya san aikinsa fiye da yadda na san nawa. Duk wanda ya yi dariya a ƙarƙashin wancan hoton, ni na ja shi, laifin nawa ne. In ka tura wancan ga wani, don Allah ka tura masa wannan.

Ubangiji, ka karɓi bawanka Didam cikin hutunka. Ka ta'azantar da Mama Saratu da 'ya'ya da jikoki. Na gode da ka riƙe numfashinsa har na iso. A cikin sunan Yesu, amin.

'Yan'uwa, ku taya ni yi wa iyalinsa addu'a. Ku sa ni ma a ciki, kada in ƙara kai shekara biyu kafin in ce wa mutum ya yi haƙuri.