Galan Ɗaya Ya Rage wa Marlys

Marlys Hautala ta yi shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan makaranta abinci a wani ƙaramin gari na arewacin Minnesota. Mijinta Reino kuwa mai haɗa bututu ne a mahaƙar ƙarfe. Da suka ajiye aiki sai suka sayi tsohuwar mota mai ɗaki, da gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki, duk lokacin zafi suna bakin tafki.

In Oktoba ta kama, Reino ne ke shirya motar don hutun sanyi: ya zubar da ruwan tankuna, ya ɗura maganin hana daskarewa a bututu, ya cire batir, ya toshe kafofin ɓeraye. Ko sifana ba ya bari ta taɓa.

Sai ciwon mantuwa ya kama shi, bana shekara uku ke nan. Yakan tsaya tsakar falonsu yana tambayar ina masu gidan suka shiga. Amma da zarar ya zauna a teburin motar nan sai hankalinsa ya kwanta, wani lokaci har ya kira ta da sunanta. Shi ya sa gabanta ya faɗi da aka sanar a rediyo cewa mugun sanyi zai sauka daren Alhamis, mako uku kafin lokacinsa. In ruwa ya daskare a ciki bututun suka fashe, katakon ƙasa ya jiƙe ya ruɓe, motar ta gama yawo.

Ta buga waya ga mai garejin da ke yi musu aikin tun da Reino ya kamu da ciwon. Ya ce, "Misis Hautala, ko uwata ce ta zo sai ta bi layi. Mota arba'in ke gabanki." 'Yarsu Kirsten tana Duluth, ba za ta samu zuwa ba sai Asabar. A kanti ma galan uku na ƙarshe Marlys ta samu na maganin.

Ranar Alhamis da safe ta zaunar da Reino gaban talabijin, ta ɗauki littafin motar ta fita. Tana da shekara saba'in da biyu ta kwanta rigingine a kan tsakuwa, ta lallaɓa ƙarƙashin motar ta buɗe magudanan. Murfin hitar ruwan zafi ya ci mata fatar yatsu biyu kafin ya kwance. Sai azahar ruwan ya tsiyaye. Ta ɗura maganin galan biyu, amma ɗan ɗis kawai ta gani a famfon kicin. Hannuwanta sun sandare, ta shiga gida ta ƙofar baya don ta ɗumama su, ta kira Kirsten ko ta san dalili.

Da ta fito, Reino na tsaye jikin motar da tiyo a hannu yana fito. Ya cika tanki fal, ya buɗe famfuna duka, ga maganin nan yana malala a ƙasa.

"Wani ya zuba mana datti a bututu," in ji shi, cike da fara'a. "Na wanke. Ɗauko fatsa, kifi na jira."

"Reino! Ka kashe ni! Me na yi maka? Me na yi maka, tsohon nan?"

Tun da ciwon ya same shi ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ya saki tiyon, ya ja da baya yana kare fuska.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Ban san taki ba ce."

Ta zube a matakalar motar ta yi kuka har da majina. Ƙarfe uku ta wuce, iska ta juya, dusar ƙanƙara ta fara saukowa. Ta rasa wanda za ta kira. Can ta share fuska da hannun riga, ta miƙa masa sifana.

"Maigida, ni sabuwa ce a aikin nan. An ce a zubar da ruwan motar kafin a tashi, ban iya ba."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Yanzu kowa ma ɗaukarsa aiki suke yi," ya ce, ya karɓa.

Bakinsa bai iya faɗin sunan komai ba, amma hannunsa bai yi lalube ba. Ya zubar da ruwan, ya durƙusa ya cire wani ɗan katako ƙarƙashin gado da ba ta ma san da shi ba, ya murɗa bawul.

"Wane sakarai ya bar wannan a buɗe? Ai duk cikin hita maganin zai tafi!"

"Ni ce, maigida."

"To ki kiyaye gaba."

Galan ɗayan da ya rage ya wadaci kicin da masai, ya ƙare kafin a kai shawa. Ta yi ta girgiza galan ɗin, ko ɗigo babu. Reino kuma ya gaji, ya fara rawar sanyi yana tambayar hanyar gida, dole ta kama hannunsa suka shiga ciki.

Ranar Asabar Kirsten ta zo da galan huɗu, amma bututun shawa ya riga ya tsage tsawon taƙi. Uwa da 'ya suka yanke shi suka toshe, suka ja tamfol suka rufe motar. Reino yana taga yana kallonsu, yana buga gilashi, wai su daina taɓa kayan mutane.