Tiyon da Na Ɗaure da Roba

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba. A shekarun nan ne da farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuɗi na yawo a Abuja, duk inda ka juya gini ake yi, ma'aikatan gwamnati kowa na canja mota. Ni kuma ina da ɗan gareji a Kubwa, rumfar kwano ce kawai da benci ɗaya a gindin mangwaro, maƙwabcina wani Ibo ne mai sayar da kayan mota, Oga Emeka.

Cikin masu kawo min aiki akwai wani dattijo, Baba Audu. Tsohon direba ne na wata ma'aikata, tun daga Ikko ya biyo su Abuja, da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar akori-kura fara, ya zauna a Ushafa, yana ɗaukar wa matan garin tukwane da randuna da kaskon fulawa zuwa Gwarinpa, inda masu sababbin gidaje ke rububinsu. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa kira na da sunana ba, kullum sai dai "ɗana".

Wata Talata da hantsi ya shigo, tun daga bakin titi na ji motar na tari tana shaƙewa. Ya ce da safe sai ya yi ta murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi kuma sai ta yi ta kakkarwa a tsaye, in ya kama hawa ta rasa ƙarfi, ga warin fetur da matan da yake ɗauka ke ta yi masa ƙorafi a kai. Na buɗe bonet na ciro filogi, ba laifi. Na canja filtar mai, na tayar, ba ta canja zane ba. Sai na ɗaura gejin auna ƙarfin mai na murza makulli, allurar ta hau amma ba ta kai inda ya kamata ba, ina kashewa kuwa sai ta sulalo ƙasa kamar an sace wa taya iska. To duk makanike ya san ma'anar wannan, mai na gudu ta wani wuri: ko famfon cikin tanki na mayar da shi baya, ko nozul na ɗiga, ko tiyo ya fashe. Na duba nozul, a bushe suke. Sai na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi, na bi layin mai tun daga tanki, na ce Baba ya murza makulli. Kai! Nan na gan shi. Wani guntun tiyon roba da ya haɗa bututu biyu, daidai saman salansa, ya tsage, fetur na fita siriri kamar zare yana sauka a kan ƙarfen.

Ku saurara da kyau, domin nan ne laifina yake. Oga Emeka na da irin tiyon nan, taku goma ne tsakanina da shagonsa. Sai dai kafin hannu ya kai wurin yadda ya kamata dole a sauke salansa, aikin awa guda ne ko fiye. Ina kwance ina wannan tunani sai na ji hon, wani darakta ne da na daɗe ina neman ya zama nawa, ya zo da sabuwar jif ɗinsa, wai birki na ƙara kuma Kaduna za shi yanzu-yanzu, yana ta duba agogo. Wallahi sai Shaiɗan ya buga min ganga. Na yanko robar cikin taya, na zura hannu na nannaɗe tsagar, na ɗaure da waya, na fito na duba geji, allura ta tsaya cak. A raina na ce zan gaya masa ya dawo jibi a yi na gaskiya. Amma da ya tambaye ni, "Ɗana, ka gano ciwon?" sai na ji kunyar darakta ya ji ina aikin kwaskwarima, na ce, "An gama Baba, filta ce ta toshe." Ya dube ni jim, ya ce madalla, ya sa min albarka ya tafi. Kuma billahillazi daga nan na manta da shi, ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba.

Ranar Asabar an yi ruwa da azahar, gari ya yi luf. Na dawo daga sallar la'asar kenan sai na tarar da farar akori-kurar a gindin mangwaro, Baba Audu na tsaye a jikinta cikin shuɗiyar riga. Ban ji shigowarsa ba, amma na ɗauka ina masallaci ya zo. Na gaishe shi ya amsa, na nuna masa benci bai zauna ba. Abin da ya fara damu na shi ne wani ƙauri da ke tashi a wurin, irin na ciyawar da ta ƙone, na waiga ban ga mai ƙona shara ba.

Ya ce, "Ɗana, shiga ƙarƙashi ka duba min wurin nan na saman salansa."

Ni kuwa ban taɓa ambata masa salansa ba. Na nufi shagon Oga Emeka na karɓi tiyo da kilif biyu na ɗaure shi. Da Hausarsa ta Abuja ya ce, "Wane mota kana gyara?" Na nuna masa da baki, ya leƙa, ya dube ni, ya yi dariya, ni kuwa hankalina ba ya wurinsa.

Na kwanta na shiga. Ƙarfen ƙasan motar zafi rau, har sai da na naɗe hannu da tsumma, kuma duk inda na taɓa da sifana sai wani abu kamar toka ya zubo min a fuska. Na sauke salansa, na kai ga ɗaurin nawa, robar ta narke ta zama baƙin ƙaro, wayar ce kawai ta rage. Na ce a raina zafin salansa ne, Allah ya kiyaye da ba ta kama da wuta ba. Daga nan ƙarƙashin, da yake ba ma haɗa ido, sai na samu bakin magana, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ran nan ban yi maka daidai ba." Sai na ji muryarsa kamar a kusa da kunnena, alhali a tsaye na bar shi, ya ce, "Ɗaure shi da kyau dai, ɗana."

Na ɗaure kuwa, ban taɓa ɗaure kilif da kyau irin na ranar ba. Na mayar da salansa, na fito na murza makulli, bugu ɗaya ta tashi, tana tafiya sumul, babu tari babu kakkarwa. Ya ce, "Yanzu ta daidaita." Na zagaya bayan rumfa in wanke hannu, bai fi in wanke in ɗauraye ba, na dawo babu mota babu Baba Audu. Ban ji ƙarar tafiyarta ba. Oga Emeka na tsaye a ƙofar shagonsa ya riƙe ƙugu, ya ce, "Oga, lafiya? Tun ɗazu kana kwance a ƙasa, hannu a sama, kana magana kai kaɗai. Na ce ko malariya ta hau maka kai." Na ce wane irin kai kaɗai, motar Baba fa? Ya ce shi bai ga mota ba. Na dubi ƙasa, jiƙe take da ruwan azahar, ga shatin bayana, ga sawun ƙafata, amma babu sawun taya ko ɗaya. Tiyon da na karɓa kuma babu shi, babu kilif.

Washegari da safe wani direban bas da ke bin hanyar Bwari ya tsaya in duba masa ruwa, cikin hira ya ce, "Ka ji abin da ya sami tsohon nan mai ɗaukar tukwane?" Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai jiya kafin azahar, ya yi lodi ya fito daga Ushafa da mata biyu a gaba, wuta ta tashi daga ƙasan motar, ta kama busasshiyar ciyawar da ake shimfiɗawa tsakanin tukwane don kada su fashe. Ƙofar ɓangaren matan ta ƙi buɗuwa, shi ya zagaya ya ɓalle ta ya jawo su ɗaya bayan ɗaya, su suka tsira, shi kuwa wutar ta kama rigarsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An yi jana'izarsa bayan la'asar. Bayan la'asar, jama'a.

Ban san yadda na hau acaɓa na isa wurin ba. Ga gawar motar a gefen hanya, ta yi baƙi ƙirin, tayoyi sun cinye saura waya, fasassun tukwane ko'ina. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, a saman salansa akwai sabon tiyo fil, da kilif biyu suna ƙyalli, ko hayaƙi bai taɓa su ba, a motar da duk wata roba da ke jikinta ta narke.

Na je zaman makoki na zauna cikin mutane kamar na kirki, ana cewa ƙaddara ce, tsohuwar mota ce, ni ma ina gyaɗa kai. Wani malami da na kai wa maganar daga baya ya ce aikin aljanu ne, sukan ɗauki siffar mutum, ya ce in yawaita istigfari in yi wa mamacin sadaka. Matata ta ce zazzaɓi ne da firgici. Ban musa wa kowa ba, amma abinci ya daina shiga, in na kwanta a ƙarƙashin mota sai in ji numfashina na ɗaukewa.

Sai bayan sadakar arba'in na yi ta maza na koma Ushafa wurin matarsa, Mama Talatu. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na durƙusa na faɗa mata abin da na yi ranar Talata, ban rage komai ba, ina jira ta tsine min ko ta tara min jama'a. Zuwan Asabar ɗin ne kawai ban iya faɗa ba. Ta ɗago ta ce, "Ai ya sani." Na ce, "Na'am, Mama?" Ta ce, "Ranar da ya dawo daga wurinka ya ce min ya ga lokacin da ka yanki roba. Shekara nawa yana tuƙi, a ce bai san ɗauri ba? Ya ce yaron nan ya yi babban baƙo, ban so in kunyata shi a gabansa ba. Na ce to ka ajiye motar mana. Ya ce matan nan sun riga sun gasa tukwanensu, bari ya kai musu na Asabar, in ya sauke kaya, da la'asar zai biya ta wurinka ka gyara masa." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Malam bai taɓa saɓa alkawari ba. Tashi ka je, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta yafe min, amma ni har yau ban iya yafe wa kaina ba, kuma ban san wa ya tsaya a gindin mangwaron nan ba, na bar wa Allah saninsa. Abin da zan roƙe ku, masu mota, in kun ji warin fetur kada ku ce bari in kai wannan lodin tukuna, ku kashe ta a inda kuke. 'Yan'uwana masu sifana kuma, in ba za ku iya yin aiki a ranar ba, ku buɗe baki ku faɗa, kunyar minti ɗaya ce. Kada ka sallami mutum da "an gama" alhali ba a gama ba, domin ba ka san wanda zai dawo maka da aikinka ba, ba ka kuma san daga ina zai dawo ba.